Cunkoso Ba Yawan Jama'a Ba Ne

Duk mai sauraren labaran rediyo ya saba jin "cunkoson ababen hawa" ko "rage cunkoso a gidajen yari", har kalmar ta zama kamar wani suna ne na yawan jama'a. Alhali Bahaushe ba nan ya ajiye ta ba. Tushenta cunkusa, wato tura abu da ƙarfi cikin mazubin da ya yi masa kaɗan, kamar yadda mai auduga ke danna ta a buhu, ya sa hannu, ya sa ƙafa, har ɗinkin ya fara buɗewa. Nan ne ake cewa buhu ya cunkushe. Wasu kan ce cinkoso, kamar dai biki da buki, ma'anar ɗaya ce. Abin lura, kalmar tafe take da ƙorafi. Filin Idi kan cika ya batse a yi murna, masallacin Juma'a ya cika maƙil a gode wa Allah, amma ba mai yaba wa uwar biki da cewa an yi cunkoso a gidanta.

Ta kuma sha bamban da toshewa. Magudanar da leda ta toshe, ruwa ba ya wucewa sam. A cunkoso kuwa ana motsi, sai dai da ƙyar, kafaɗa na gugar kafaɗa, kamar layukan Kantin Kwari ana jibi Sallah. In abin ya ƙazanta har aka fara tattake juna, ya koma turmutsutsu, irin wanda ya auku a Mina lokacin aikin Hajjin 2015.

Wani zai ce ai ba wanda ya cunkusa motoci a titi, kowa da kansa ya zo, saboda haka "gosulo" ma ta wadatar. To amma gosulo tafiyar hawainiya kawai ta faɗa, ta yi gum da bakinta game da dalili. Titin da 'yan tebur suka cinye rabinsa, 'yan adaidaita sahu suka tsaya ɗaukar fasinja a ragowar, hannun mutane ne ya matse shi. Haka gidan yari. A 2019 Najeriya ta sauya masa suna zuwa gidan gyaran hali, amma har yau mafi yawan waɗanda ke ciki masu jiran shari'a ne, kuma wani ne ya tura su can ya bar takardunsu suna shan ƙura. 'Yan jarida, in kun rubuta cunkoso, ku faɗa mana wanda ya cunkusa.