GADON JINI: ME YA SA MURA ƊAYA TAKE KAYAR DA WANI TA BAR WANI?



Ka taɓa lura mura ta shigo gida, kowa ya yi kwana uku ya miƙe, amma mutum ɗaya sai an kwantar da shi? Wani lokaci dalilin yana cikin garkuwar jikin da ya gada daga iyaye.

Garkuwar jiki kamar 'yan sintirin gari ce. Idan ƙwayar cutar bairos ta shigo, jiki yana sakin wani sinadari mai suna intaferon, shi ne mai buga gangar yaƙi. In gangar ta makara, cutar ta yi ƙarfi. In kuma ta ƙi yin shiru, sai 'yan sintirin su far wa mutanen gari, wato jiki ya riƙa yaƙar kansa. Daga nan ake samun lufus, da amosanin gaɓoɓi mai kumburi, da ciwon suga na yara.

A shekarar 2020, lokacin korona, masana a Birtaniya sun duba jinin marasa lafiya sama da 2,000 da cutar ta yi wa tsanani. Cikin ƙwayoyin gadon da suka gano akwai TYK2, wadda dama an san tana da hannu a lufus da amosanin gaɓoɓi. Wani binciken na wannan shekarar ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda korona ta kusa kashewa, jikinsu da kansa yake lalata intaferon ɗin, kuma akasarinsu maza ne.

Gado dai ba hukunci ba ne. Da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa lafiya lau. Amma in akwai irin waɗannan cututtuka a danginku:

1. Ka faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.
2. Zazzaɓi da sarƙewar numfashi, ko fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa, kada a jira dare. Kun san halin hanyoyinmu. A kama hanyar asibitin Batsari ko Dutsin-Ma da rana, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.
3. Mai shan prednisolone kada ya daina farat ɗaya, kuma kada a saye shi a kemis ba da umarnin likita ba. Yana danne garkuwa.
4. Zuma da habbatus sauda abinci ne mai albarka, amma ba sa maye gurbin maganin lufus.
5. A tambayi likita wace rigakafi ta dace da mai shan maganin danne garkuwa.

Kuma don Allah a daina cewa sammu ne aka yi wa baiwar Allah mai ciwon gaɓoɓi. A kai ta a gwada jini.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. A tura wa 'yan uwa.