Kafin Ka Sayi Matacin Ruwa, Duba Haƙoran Ruwan Gidanku

Kowannenmu ya san ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa an ga haƙori. Amma in muka je sayen matacin ruwa na gida, sai mu ɗauki wanda ya fi ƙyalli mu biya. Ni ma na yi wannan. Na sayo na bakin ƙarfe mai hawa biyu, na kai gida ina ta alfahari, bayan wata biyu autana ya kwanta da zawo. Ashe kyandir ɗin da ke ciki ya tsage wajen wanki, ruwa na bi ta tsagar yadda ya shigo.

A makaranta an koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba, ya halatta a yi alwala da shi. Haka ne. Sai dai wannan hukuncin tsarki ne, ba na sha ba. Ruwa na iya zama garau, alhali kwalara na ciki, kamar yadda muka gani a wajen Madarumfa a 2018.

To, abin tambaya shi ne, mene ne ciwon ruwanka?

In na tabki ne ko rijiyar da dabbobi ke sha, matsalarsa laka ce da ƙwayoyin cuta daga kashi. A fara kwantar da shi da alif ko garin ƙwayar zogale, sannan a zuba a mataci, in ba haka ba laka za ta toshe shi cikin 'yan kwanaki. Matacin kyandir da matacin tukunyar yumɓu duk suna wannan aiki. Na yumɓun, irin wanda ake yi a Tamale ta Gana, da ɓuntun shinkafa ake kwaɓa shi. In an gasa, ɓuntun ya ƙone ya bar ƙofofi ƙanana. Amma yana da nawa, lita 1 zuwa 3 a awa. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, ga baƙi daga kara ba sa yankewa, ɗaya ba za ta ishe shi ba. Kuma lokacin annoba a ƙara da tafasawa ko ƙwayar Aquatabs, a jira minti 30.

Tata da ƙyalle kuwa, da ita aka yaƙi kurkunu har aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Masu zuwa Chadi su riƙe ƙyallensu, don can bai ƙare ba. Sai dai ƙyalle ba ya kama ƙananan ƙwayoyi.

Inda aka fi yin asara shi ne ruwan burtsatse. Mutanen Maradi ba su manta da Tibiri ba, inda tsakanin shekarun 1980 da 2000 yara ɗaruruwa suka tashi da jajayen haƙora da karkatattun ƙafafu, saboda sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Wannan kyandir ba ya cire shi, yumɓu ba ya cire shi, tafasawa ma ƙara shi take yi, don ruwa ke tashi, shi ya zauna. Haka gishiri da kanwa. Sai injin nan mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin fata mai laushi, shi kuma yana son wuta, yana zubar da ruwa da yawa, ga canjin kaya a kai a kai. Abin mamaki, a Kenya da Habasha da gawayin ƙashin shanu suke cire shi, ƙashin da muke bari a mahauta karnuka na ja.

Saboda haka in ka ga haƙoran yaran unguwa sun yi ja, kai ruwan a auna tukuna. In za ka saya, tambayi mai kanti ko yana da kyandir na canji, in babu, bar masa kayansa. Nawa yanzu mai famfo ne a ƙasa, na hana sa moɗa a ciki, wanki kuma ni da kaina nake yi kowace Juma'a kafin in tafi masallaci.