Zinariya Mai Sauya Launi: Yadda Ido ke Karanta Saƙon Gado

Duk wanda ya taɓa yin gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibitocin birnin Sakkwato ya san jan layin da ke bayyana bayan an ɗiga jini. A galibin waɗannan gwaje-gwaje, janin nan na zinariya ne. Idan aka mayar da zinariya ƙananan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 13 ko makamancin haka, wato kashi 13 cikin biliyan na mita, ba ta riƙe launinta na rawaya, sai ta rina ruwa ja. Michael Faraday ya bayyana wannan a Ingila tun 1857.

A 1997, Chad Mirkin da Robert Letsinger da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka nuna cewa wannan ɗabi'a tana iya gano jerin DNA, sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado. Haruffa huɗu ne ke rubuta saƙon: A tana kama T, G kuma tana kama C. Ana liƙa wa ƙwayoyin zinariya gajerun zaruruwan DNA iri biyu, kowane iri ya dace da rabin jerin da ake nema. Idan jerin yana cikin ruwan, sai ya kama ɓangarorin biyu ya janyo ƙwayoyin su cure, launi ya juya daga ja zuwa shuɗi. Idan babu shi, ruwan na nan ja.

Amfanin wannan ga ƙasar Hausa a bayyane yake. Amosanin jini, wato sikila, yana samuwa ne daga sauyin harafi ɗaya tak, inda GAG ta koma GTG. Haɗin da ke da kuskuren harafi ɗaya yakan warware tun zafi bai kai wanda ke warware cikakken haɗi ba, don haka ɗumama ruwan kan bambanta su.

Sai dai akwai cikas. Tilas a fara tace DNA daga jini, sau da yawa kuma a ninka yawansa da na'ura kafin launi ya fito sarai. Wannan mataki yana buƙatar wutar lantarki da ƙwararru irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai an sauƙaƙa shi kafin gwajin ya isa ɗakin shan magani na karkara, inda masu shirin aure suka fi rasa shi.