Masu Neman Guba da Kwamfuta

Mu da muke zaune a Kakuri da Makera da Nasarawa mun san ruwan da ke bin magudana ya faɗa Kogin Kaduna. Tun 1957, lokacin da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, ruwan rini ya daɗe yana bin wannan hanya, yau shuɗi, gobe ja. Yawancin masaƙun sun rufe, amma har yanzu masu lambu suna ban ruwa a bakin kogin, mu kuwa muna sayen alayyafonsu. Shin wa zai gaya mana abin da ya shiga ganyen nan?

Akwai masana da aikinsu ke nan. A dā, in ana so a san ko wani sinadari guba ne, sai a ba ɓeraye, a zauna jira, wani lokaci har shekara 2. Ga sinadarai dubbai, ga kuɗi kaɗan. A 1964 wani malami a Amurka, Corwin Hansch, tare da Toshio Fujita na Japan, suka nuna cewa in ka san ginin sinadari, da yadda yake narkewa a mai ko a ruwa, za ka iya lissafta irin aikin da zai yi a jiki. Yau kwamfuta ke yin lissafin. Masani yakan zuba mata labarin sinadaran da aka riga aka gwada, ita kuma ta nuna waɗanne ne cikin sababbi suka fi kama da masu kisa, domin a fara gwada su. A 2007 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa babban shiri a kan wannan. Kusa da mu ma, a sashen kemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ɗalibai suna irin wannan bincike.

Amma kada mu ɗauka kwamfuta ce mai ceto. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, alhali tun 1937 duniya ta san gubar da ke cikinsa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. A nan ba ilimi aka rasa ba, mai aunawa aka rasa. Sai da likitoci suka ɗebi jinin yara, aka kankare ƙasar gidaje, kana mutuwar ta lafa.

Saboda haka yaron da ke son aikin nan, ko yarinya, ya riƙe kemistiri da lissafi tun daga sakandare, ya koyi kwamfuta, ya kuma yarda ya sa takalmin roba ya ɗebo ruwan magudanar Makera a kwalba.