Titi a Cikin Dausayi: Darasi Daga Jihar Fulorida

Ruwan dausayi ba ya bin kwari guda kamar na kogi. Shimfiɗuwa yake yi a faɗin ƙasa, yana tafiya sannu a hankali, har mai kallo ya zaci a tsaye yake. Saboda haka duk titin da aka ɗora kan cikon ƙasa aka ratsa irin wannan wuri da shi, to, madatsar ruwa aka gina, ko da ba a yi niyya ba.

Abin da ya auku a dausayin Everglades na Jihar Fulorida ta Amurka ya isa misali. A can ruwa kan taso ne daga tafkin Okeechobee, ya malala kudu har ya faɗa teku. A shekarar 1928 aka buɗe titin Tamiami, wanda ya haɗa Tampa da Miami, ya kuwa gitta wannan malala daga gabas zuwa yamma. Magina sun haƙa korama a gefe, suka tara dutsen da suka fasa, suka shimfiɗa titin a kai. An sa kwalbatoci, amma ina kwalbati, ina ruwan da ya saba da faɗin kilomita masu yawa? Da aka ƙara wasu koramu da ganuwoyin tare ruwa daga baya, sai lamarin ya tsananta. Ruwa ya riƙa taruwa a wasu sassan arewa har itatuwa suka nutse, kudu kuma ta riƙa ƙishi. Busasshiyar ƙasa ta riƙa cin wuta, tsuntsayen da ke kiwon kifi suka ragu, gishiri ya ƙaru a bakin teku.

Gyara bai zo da wuri ba, kuma bai zo da araha ba. Sai a 2013 aka kammala gada mai tsawon kilomita 1.6, aka kwashe cikon da ke ƙarƙashinta, a 2019 kuma aka ƙara wasu na kimanin kilomita 4. Watau bayan shekara 85 aka fara mayar wa ruwa hanyarsa.

Wannan ya shafi shimfiɗaɗɗun fadamu irin na Haɗeja zuwa Nguru, inda shinkafa da su da kiwon rani duk suka dogara ga ambaliyar shekara. Kariya ta fari ita ce a kauce wa dausayi tun a kan taswira, a bi jigawa ko da tafiya za ta ƙaru. In ya zama dole a ratsa, gada ta fi ciko. Ya kamata kuma a auna ruwan da damina, a tambayi masunta da makiyaya inda yake bi, domin awon rani yaudara ne. Kwalbati kuwa, in bakinsa ya fi ƙasan dausayi tudu, ko kacala da yashi suka toshe shi, da shi da babu duk ɗaya, don haka kuɗin yashe shi duk shekara ya cancanci gurbi a kasafin ma'aikatar ayyuka.