Ko Kun Sani? Muzuru a Sahun Marubuta

Ko kun san akwai muzurun da aka buga sunansa a matsayin marubucin binciken kimiyya?

A shekarar 1975, Jack Hetherington, malamin fiziks a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, ya gama rubuta takarda kan halin sinadarin hiliyom a cikin matsanancin sanyi. Wani abokin aikinsa ya duba, sai ya ja hankalinsa cewa ya cika ta da "mu", alhali shi kaɗai ya rubuta, mujallar Physical Review Letters da zai aika wa kuwa a lokacin ba ta karɓar "mu" daga marubuci ɗaya.

A wancan zamanin, da tafireta ake bugu, gyaran kuma sai an sake buga takardar daga farko. Malam ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya ƙara sunan muzurunsa, Chester, a matsayin abokin rubutu. Ya raɗa masa F. D. C. Willard: F da D daga sunan kyanwa a harshen Latin, C daga Chester, Willard kuma sunan uban muzurun ne. Haka mujallar ta buga ta. A 1980 ma, wata maƙala ta fito a mujallar La Recherche ta Faransa da sunan muzurun shi kaɗai.

A batun yawan marubuta kuwa, a 2015, mujallar Physical Review Letters ɗin dai ta buga takardar masanan cibiyar binciken kimiyya ta CERN mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154. Jerin sunayen ya fi bayanin binciken kansa tsawo.