Idan Makullin Ƙofar Mota Ya Fara Gigi

Yawancin motocin da ke yawo a titunanmu sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso ta Kwatano ko Legas. Mai saye kan duba inji da giya da taya, ya buɗe bonet ya saurari ƙara, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya gwada makullan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan watanni sai ƙofa guda ta daina amsa rimot, ko mota ta riƙa kulle kanta tana buɗewa ba wanda ya taɓa ta, ko fitilar ciki ta ƙi kamawa idan an buɗe ƙofa. Jama'a kan ce ai tsufa ne, a haƙura. Ni dai ina ganin wannan haƙuri ganganci ne, domin abin da ya lalace sau da yawa ɗan suwic ne da bai wuce ƙwayar wake ba, alhali ɓarnar da yake jawowa tana iya kaiwa ga rai.

A cikin kowace ƙofa akwai sakata mai riƙe ƙarfen jikin mota, da ɗan inji mai juya ta idan an danna maɓalli, da ƙananan suwic da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota halin da ake ciki: ƙofa a buɗe take ko a rufe, an kulle ko ba a kulle ba, an murɗa makulli hagu ko dama. Mota ba ta ganin ƙofarta, abin da suwic ya faɗa mata shi take ɗauka gaskiya. Golf 4, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1997, da 'yan uwanta Bora da Passat na zamanin, sun yi suna da wannan ciwo. Kan suwic ɗin da ke gane buɗewar ƙofa yakan cinye saboda gugar shekara da shekaru, dalmar da ta liƙe wayoyi a allon lantarkin cikin sakatar kuma takan tsage saboda bugun ƙofa. A ƙasashenmu kuma ƙurar hunturu da ruwan damina da ke bi ta gefen gilas suna ƙara wa abin sauri.

Ga inda haɗarin yake. An tsara waɗannan motoci ta yadda idan aka buɗe da rimot, ba a buɗe ko ƙofa ɗaya ba cikin daƙiƙa 30, za su sake kulle kansu. Dabara ce ta tsaro mai kyau. To idan suwic ya mutu, direba zai buɗe ƙofa, ya ajiye makulli a kan kujera, ya zaunar da yaro, ya tura ƙofa ya zagaya, ita kuwa mota a saninta ba a taɓa buɗe ta ba, sai ta datse. Hukumomin kiyaye haɗurra a Amurka sun daɗe suna gargaɗi cewa zafin cikin rufaffiyar mota yana iya ƙaruwa da wajen digiri 11 cikin minti goma kacal. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda bazara kan haura digiri 40 a Afrilu, wannan ba lokacin jiran mai yankan makulli ba ne, sai dai a fasa gilas. Idan kuma suwic ya maƙale ta ɗaya ɓangaren, yana cewa ƙofa a buɗe take har abada, fitilar ciki ba ta mutuwa, ƙwaƙwalwar mota ba ta barci, batir ya riƙa tsiyayewa cikin dare. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, wasu har sun canza altaneta, ba su san ciwon yana cikin ƙofa ba.

Wani zai ce me ya yi zafi, a cire fis ɗin makullin a koma kullewa da hannu kamar zamanin Peugeot 504. Maganar tana da kama da hikima, amma a motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, makulli da gilas da ƙararrawar ɓarayi da fitilar ciki kan bi ta akwatin lantarki guda. Ka zare fis don kashe abu ɗaya, ka kashe uku. Wasu motocin ma an yi su ne su saki makullansu da kansu idan an yi karo, domin masu ceto su samu shiga, kuma wanda ya datse waya ya rufe wannan hanya. Ƙofofin baya na irin waɗannan motoci ba su da ramin makulli a waje, saboda haka idan sakata ta mutu a kulle, fitar da ita babban aiki ne, domin murfin cikin ƙofa ba ya cirowa da sauƙi sai ƙofa na buɗe. Gyaran awa guda sai ya koma na yini, har da karye-karye.

Wani kuma zai ce a fesa mai a wuce wurin. Sakatar ƙarfe kam tana son giris kaɗan, wannan gaskiya ne. Suwic na lantarki ba ya so. A 2012 kamfanin Toyota ya janye motoci fiye da miliyan bakwai a duniya, ciki har da Camry da Corolla da RAV4, saboda babban suwic ɗin gilas na ƙofar direba da ba a shafa wa giris daidai ba a masana'anta, kuma kamfanin ya yi gargaɗi cewa zuba masa man kasuwa don ya daina maƙalewa na iya sa ya narke, ya yi hayaƙi, har ya kama da wuta. Maɓallin kulle ƙofa yana zaune ne a gefen wannan suwic. Abin da ya dace da shi shi ne maganin wanke bakin lantarki, wanda yake bushewa bai bar maiƙo ba.

Mai mota ba sai ya zama bakanike ba kafin ya gane inda matsalar take. Idan duk ƙofofi suka ƙi amsawa lokaci guda, a fara duba batirin rimot da fis. Idan ƙofa ɗaya ce, ciwon nata ne. A buɗe ta a lura ko fitilar ciki ta kama. A riƙa motsa ƙofar a hankali ana danna maɓalli: idan yana aiki yana yankewa, mai yiwuwa waya ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wurin da ake lanƙwasawa kullum. Idan ana jin ɗan inji yana gurnani sakata ba ta motsa, haƙoran roba ne suka cinye. Da wannan bayani za a je wurin mai waya, a kuma nemi ya gwada da mita kafin ya ce a sayo komai. Ya cire kan batir kafin ya kwance ƙofa, musamman a motar da ke da jakar iska ta gefe, ya kuma mayar da ledar da ke tare ruwa yadda ya same ta.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne hujjar da ta fi ƙarfi. Sabuwar sakata ta asali tana da tsada, shi ya sa ake nufar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo tsohuwa. Ba laifi, sai dai a tuna wadda aka ciro daga motar da ta yi shekara ashirin tana ɗauke da suwic mai shekara ashirin, don haka a jona ta a gwada kafin a ɗaure. Sau da yawa ma ba a buƙatar sayen komai: a buɗe ta asalin, a sabunta dalmar da ta tsage, a sa sabon suwic, ta ci gaba da aiki. Kafin a samu halin yin hakan, kada makulli ya bar hannun direba muddin zai fita daga mota, kuma na biyu ya zauna a gida inda za a iya aiko da shi.